Daga Randa Zuwa Firji: Tarihin Sanyi Mai Zuwa Yana Ɗaukewa a Birnin Kano

Gabatarwa

A cikin lalurorin da kan sami firji, babu wadda ta fi wahalar da mai shi da mai gyaransa kamar ta sanyi mai zuwa yana ɗaukewa. Firjin da ya mutu murus ya huta ya hutar, domin an san matsayinsa, sai a kwashe abin da ke ciki a nemi wata dabara. Amma wanda zai daskarar da ruwa da asuba, ya saki da azahar, ya sake kamawa can cikin dare, shi ne maci amana. Uwargida za ta taɓa ta ji sanyi ta saki jiki, alhali naman da ke ciki ya narke ya sake daskarewa ba ta sani ba. Idan aka kira mai gyara kuwa, sau da yawa yakan tarar da firjin yana aiki lafiya lau, tamkar majinyacin da zazzaɓinsa ya sauka a ƙofar asibiti.

Hukuncin da aka fi yanke wa irin wannan firji a lungunan cikin birnin Kano shi ne gas ya ƙare. Wannan maƙala tana ganin cewa hukuncin yakan zo da wuri, kuma sau da yawa ba ya faɗawa daidai. Gwanin mai gyara yana da tambayoyi huɗu da yake yi a jere: yaya wutar take, ina aka ajiye firjin, me ke faruwa a bayan bangon firizarsa, sannan daga ƙarshe yaya gas ɗinsa yake. Kowace tambaya a cikinsu wani zamani ne ya haife ta a tarihin wannan birni. Wanda ya san zamunnan zai san dalilin jeruwar tambayoyin, kuma zai san inda ya kamata ya fara dubawa kafin ya kashe kuɗinsa.

Sanyi Kafin Zuwan Lantarki

Tun daga zamanin Sarki Gijimasu, wanda ya fara gina ganuwar Kano a ƙarni na 12, har zuwa zamanin Muhammadu Rumfa da ya faɗaɗa ta ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15, da ƙarnonin da suka biyo baya, mutanen cikin badala sun rayu da zafin bazara ba tare da na'ura ba. Abin da suka dogara da shi yumɓu ne. Randa da tulu ana gina su da ƙasar da ke da ƙananan ƙofofi waɗanda ido ba ya gani. Ruwa yana tsatsafowa ta jikinsu, iska ta kwashe shi, kuma duk ruwan da ya bi iska yakan tafi da wani kaso na zafin wanda ya rage a ciki. Shi ya sa ake girke randa a inuwa inda iska ke ratsawa, wani lokaci a kan jiƙaƙƙen yashi. Salkar matafiya ma haka take aiki. Ginin kansa yana taimakawa, domin katangar tubali mai kauri da rufin azara suna jinkirta zafin rana, soro ya kasance da sanyi-sanyi a tsakiyar yini.

Abinci kuwa ba a sanyaya shi, raba shi ake yi da ruwansa ko a bar tsami ya tsare shi. Nama ya zama kilishi ko dambu ko soye, kifi a yi bandarsa, tumatir ya zama kauɗa, kuɓewa da kuka a busar a daka, madara ta zama kindirmo da nono. Naman layya da ake soyawa ƙarau ya kai watanni bai san firiza ba.

Sanyin randa shi ma yana da lokacinsa. Yana ƙarfi da hunturu da bazara sa'adda iska ta bushe, yana raguwa da damina sa'adda iska ta cika da danshi ta kasa kwasar ƙarin ruwa. Sai dai kowa ya san wannan ƙa'ida, babu wanda randa ta taɓa yaudara. Mutane sun san iyakar abin da za ta iya, suka tsara cinsu da shansu a kan haka. Wannan sani shi ne abin da aka yi sakaci da shi bayan zuwan na'ura.

Firjin Kananzir da Wutar En'e

Firji shi ma ɗan wannan ƙa'ida ce ta ruwa mai ɗauke zafi idan ya zama tururi, sai dai an kulle ruwan a cikin bututu yana zagayawa. A 1834 wani Ba'amurke mazaunin Ingila, Jacob Perkins, ya yi rajistar na'urar da ke matsa gas ya zama ruwa, a sake shi ya koma gas yana zuƙe zafin wurin da ake son sanyayawa. Har yau haka firjin gida yake aiki: kwamfiresa yana matsa gas, baƙin bututun da ke baya yana fitar da zafi, siririn bututu yana rage matsin, sannan bututun cikin firiza ya zuƙe zafin abinci. Ke nan firji kwashe zafi yake yi daga ciki ya zubar a waje, kuma duk abin da ya tare masa hanya ɗaya daga cikin huɗun nan ya hana sanyi.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, kantunansu suka biyo baya. Firjin da ya fi dacewa da wuraren da babu lantarki a wancan zamani shi ne wanda wasu ɗaliban Suwidin biyu, Platen da Munters, suka ƙirƙira a 1922, kamfanin Electrolux ya shiga ƙera shi. Ba shi da kwamfiresa, ɗan harshen wuta ne ke tura gas ɗinsa, kuma irinsa mai amfani da kananzir ya bazu a gidajen jami'an mulkin mallaka da asibitoci a faɗin Afirka ta Yamma. Shi ma yana da nasa zuwa da ɗaukewar. Idan lagwani ya yi gajere ko ya yi baƙi, ko hayaƙi ya toshe bututun fitarsa, ko kananzir ɗin ya gauraya, ko aka girke firjin a karkace, sai sanyi ya gudu. Masu kula da shi tun a lokacin sun gane cewa kafin a zargi na'urar, sai an fara duba abin da ake ciyar da ita da wurin da ta zauna.

Lantarki ya zo Kano a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. A farkon shekarun 1930 aka kammala aikin ruwan famfo da wutar lantarki na Challawa da kuɗin baitulmalin En'e. Wutar ta kasance ta fitilu da ma'aikatu da gidaje ƙalilan. Talakan cikin birni ya ci gaba da shan ruwan randarsa har bayan samun 'yancin kai.

Tambaya ta Farko: Yaya Wutar Take?

A 1951 hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, ta fara aiki. A 1968 aka kammala madatsar ruwa ta Kainji, a 1972 kuma aka haɗe ECN da hukumar madatsun Neja aka samar da NEPA, sunan da har yau yara ke kira da murna idan an kawo wuta. Sai ga kuɗin man fetur, sai ga ƙarin albashin Udoji da aka biya ma'aikata haɗe da ariyas a 1975. A wannan tsakanin ne firji ya ƙetare ganuwa da yawa. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka saya, irin su Thermocool da ake haɗawa a cikin ƙasa suka zama sanannu, daga baya firji ya shiga jerin kayan ɗakin 'yar gata. Matan kulle a Yakasai da Mandawari da Koki da sauran unguwanni suka sami sabuwar sana'a ba tare da sun taka ƙofar gida ba: ƙanƙara, zoɓo, lamurje, kunun aya, yara suna kaiwa talla.

Sai dai wayoyin da aka ja cikin lungunan birni an ja su ne domin ƙwan fitila da rediyo da fanka. Gidaje suka ƙaru, kowane gida ya tara iyalai da yawa, taransifoma ɗaya ta ɗauki nauyin da ya fi ƙarfinta. Sunan hukumar ya sauya zuwa PHCN bayan dokar gyaran harkar lantarki ta 2005, rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun KEDCO a watan Nuwamba 2013, amma ƙa'idar wayar ba ta sauya ba: idan nauyi ya yi yawa, ƙarfin wuta yana faɗuwa, musamman ga gidajen da ke ƙarshen layi.

Firji an yi shi ne don wutar da ke kusa da bolt 230. Kwamfiresa yana buƙatar ƙarfi mai yawa a daidai lokacin tashi, ninki da dama na abin da yake ci idan ya riga ya kama gudu. Idan wuta ta yi rauni sai ya yi gurnani ya kasa juyawa, ya ɗau zafi, wani ɗan maƙalli mai tsaronsa da masu gyara ke kira obalod ya yanke wutar da ƙara ƙas. Bayan 'yan mintuna ya huce ya sake gwadawa. Fitilar cikin firjin tana ci, mai gida yana ganin akwai wuta, alhali kwamfiresa bai yi aikin minti ɗaya ba. Da dare ya raba, maƙwabta suka kashe kayansu, wuta ta cika, sai ya tashi ya yi sanyi. Wannan ne asalin firjin da ke aiki da asuba ya saki da yamma.

Akwai kuma wutar da ake ɗaukewa a mayar nan take, da al'adar canza layi daga wannan waya zuwa waccan, da juyawa daga wutar gari zuwa janareta. Kwamfiresan da aka tsayar yana tsakiyar aiki yana da matsi a gabansa, sai an ba shi kamar minti 5 matsin ya daidaita kafin ya iya tashi. Idan aka tilasta masa, rile, wato ɗan abin da ke ba shi turin farko, yakan ƙone sannu a hankali, har ya zama yau ya tashi gobe ya ƙi. Ƙaramin janareta ma yakan kunna fitila da talabijin ya kasa tayar da firji. Saboda haka gwanin mai gyara yake fara sa mita a soket, a lokacin da matsalar take faruwa, ya duba ko soket ɗin ya saki ko ya ƙone, ya saurari ƙarar kwamfiresa, ya cire rile ya girgiza ya ji ko ya farfashe a ciki. Maganin da ake samu a wannan mataki mai araha ne: sabon rile da obalod, sitabilaiza mai jinkirta kunnawa, ko gyaran waya. A nan ma ake gane tamostat da ya gaji, wanda kan bar kwamfiresa shiru alhali wuta lafiya take, sai an murɗa shi ko an ɗan buga sannan ya farka.

Tambaya ta Biyu: Ina Aka Ajiye Shi?

A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki na SAP, darajar naira ta faɗi, sabon firji ya gagari mai matsakaicin hali. Kasuwa ta cika da na hannu daga Turai, waɗanda ake kira kayan Beljiyam, ana sayar da su a Sabon Gari da kewaye. Duk da cewa jerin kayan da hukumar kwastam ta haramta shigo da su ya ƙunshi tsofaffin firji da tsofaffin kwamfiresa, hakan bai hana su samuwa ba.

Kowane firji yana da takarda a jikinsa da ke nuna irin yanayin da aka ƙera shi dominsa. Mai alamar N ko SN an yi shi ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 a ma'aunin Salshiyas ba, mai ST ya kai 38, mai T kuma 43. Da yawa daga cikin na Turai masu N ne ko SN. A Kano kuwa zafin watan Afrilu yakan kai digiri 40. Daɗin daɗawa, a daidai wannan zamani ne ginin birni yake sauyawa, ana rushe soraye ana yin bulo da siminti da rufin kwano, ɗakuna suna ƙanƙancewa saboda rabon gado, tagogi suna fuskantar bangon maƙwabci. Firjin da aka ƙera don ɗakin girki a ƙasar sanyi sai ga shi a lungun ɗaki, an matse shi da bango, an lulluɓe shi da leshi, an jera kwanuka a kansa.

Tunda aikin firji zubar da zafi ne a waje, idan wajen ya kusa kai zafin bututun bayansa to ba shi da inda zai zubar. Ƙurar hunturu ma tana taruwa a kan bututun ta zama masa bargo. Kwamfiresa ya yi ta gudu babu hutu har ya ɗau zafi obalod ya yanke shi. Alamar wannan lalura ita ce tana bin rana da yanayi: firjin lafiyayye ne da sanyin Disamba, majinyaci ne da bazara. Maganinta a janye shi daga bango kamar tazarar tafin hannu, a cire lulluɓin, a kashe wuta a share ƙurar, a nisanta shi da murhu da hasken rana. A kuma duba robar ƙofa ta hanyar maƙale takarda a rufe; idan ta zare ba tare da turjiya ba, iskar zafi tana shiga ta nan. Mai sana'ar da ke cusa jarkokin zoɓo da ɗuminsu ita ma tana ɗora wa firjin kayan da zai yi sa'o'i kafin ya sauke.

Tambaya ta Uku: Ƙanƙarar da Ke Hana Sanyi

Tare da kayan Beljiyam, da kuma sababbin da suka biyo baya daga Asiya, wani nau'in firji ya yawaita, wanda ba ya tara ƙanƙara a fili. Bututun sanyinsa yana ɓoye a bayan bangon firiza, fanka ce ke hura sanyin zuwa sama da ƙasa. Duk bayan wasu sa'o'i, taima ko allon lantarki yakan tsayar da kwamfiresa ya kunna hita ta narkar da raɓar da ta daskare a kan bututun. Idan taima ko hita ko ɗan ma'aunin da ke lura da su ya lalace, ƙanƙara za ta yi ta taruwa har ta toshe hanyar iska, wani lokaci ta riƙe fankar. Firiza ta ci gaba da ɗan sanyi, ɓangaren ƙasa ya ɗumame.

A ƙasar da ba a ɗauke wuta, wannan lalura takan bayyana sau ɗaya ta tsaya, a gane ta. A Kano kuwa ɗaukewar wuta tana rufa mata asiri. Idan aka yi yini guda babu wuta, ƙanƙarar ta narke da kanta, wuta ta dawo firjin ya yi aiki kamar sabo na kwanaki, sannan ya sake toshewa. Har akan sami abin mamaki: firjin da ya fi lalacewa a makon da wuta ta zauna. Mai gyaran da bai tambayi wannan tarihi ba, ya kwashi firjin zuwa shagonsa ya kwana a kashe, zai tarar da shi garau, ya ƙara masa gas ya mayar, bayan mako guda a sake kiransa. Wanda ya sani yakan buɗe bangon firizar yayin da matsalar take kai, idonsa ya gane masa.

Tambaya ta Huɗu: Gas

Gas shi ne na ƙarshe saboda dalili mai sauƙi. Bututun firji a rufe yake ruf, gas ba ya ƙonewa kamar na girki, ba ya raguwa sai in akwai huda. Wanda ya zube kuma ba ya dawowa da kansa, don haka firjin da gas ɗinsa ke yoyo sanyinsa raguwa yake yi kullum har ya ƙare. Hudar da aka fi sani a gidajenmu kuwa ita ce ta wuƙar da ake sa wa a ɓamɓare ƙanƙara.

Amma akwai hanyar da gas ke jawo zuwa da ɗaukewa, kuma tarihinta ya faro daga nesa. Shekaru da dama firjin duniya yana amfani da gas mai suna R12. Da masana suka gano cewa irinsa yana cinye rufin ozon da ke kare ƙasa daga cutarwar hasken rana, sai aka ƙulla yarjejeniyar Montreal a 1987, Nijeriya ta shiga cikinta a 1988. Ƙasashe masu arziki suka daina shi a tsakiyar shekarun 1990, aka ba ƙasashe masu tasowa wa'adi zuwa 2010. R134a ya maye gurbinsa, daga baya R600a ya yawaita a firjin gida. Sakamakon haka shagon mai gyara a Kano ya zama mahaɗar zamani uku a lokaci guda, kowanne da gas ɗinsa da man kwamfiresansa. Man da ke tafiya da R12 ba ya tafiya da R134a, man R134a kuma yana zuƙar danshi da sauri idan aka bar shi a buɗe. R600a yana kama wuta, kuma abin da firji ke ci daga cikinsa 'yan giram ne da ya kamata a auna a sikeli.

Idan aka buɗe bututu aka sa gas ba tare da an zuƙe iskar ciki da injin zuƙa ba, ba a kuma sauya diraya mai tsotse danshi ba, ɗigon ruwa yakan rage a ciki. Yana zagayawa har ya iso bakin siririn bututu inda sanyi ya fi tsanani, ya daskare ya toshe. Kwamfiresa yana gudu amma sanyi ya tsaya. A kashe firjin na ɗan lokaci, ɗigon ya narke, a kunna ya yi sanyi, can ya sake toshewa. Ke nan gas ɗin da aka ƙara ba bisa buƙata ba, domin maganin lalurar da tushenta wuta ce ko ƙura, shi ne kan haifar da sabuwar lalura irin ta farko, wadda ta fi ta wuyar gyara. Garin neman gira an rasa ido.

Abin da Ke Cikin Firjin

Asarar ba ta tsaya ga kuɗin gyara ba. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri a cikin abincin da zafinsa ke tsakanin digiri 5 da 60, kuma sake daskarar da nama ba ya kashe waɗanda suka riga suka yaɗu. Kunun aya da ya kwana a firji mai saki yakan yi tsami kafin ya kai hannun mai saye, jarin uwar marayu ya tafi. Mai ciwon sukari da ke ajiye allurar insulin a gida yana cikin haɗarin da ba zai gani da ido ba.

Ma'aikatan lafiya ne suka fara ɗaukar wannan batu da gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa rigakafi a 1974, kuma yawancin magungunan rigakafi suna buƙatar zama tsakanin digiri 2 da 8. Zafi yana raunana wasu, kamar ɗigon shan inna, daskarewa kuma tana lalata wasu, kamar na ciwon hanta. Don haka aka ƙera firji mai zagaye da ƙanƙara a cikin bangonsa, wanda wutar sa'a 8 a yini ta ishe shi. Aka wajabta auna sanyinsa safe da yamma a rubuta a takarda. Daga 1996 aka fara liƙa wa kwalbar ɗigon shan inna wata alama, murabba'i a cikin da'ira, wadda ke duhu gwargwadon zafin da kwalbar ta sha a duk tsawon tafiyarta. Idan murabba'in ya kai duhun da'irar, a jefar. Kano ta ga yaro na ƙarshe da ya kamu da ƙwayar shan inna ta daji a watan Yuli 2014 a Sumaila, aka ayyana Afirka ta rabu da ita a watan Agusta 2020. A cikin waɗanda suka kai ga wannan nasara har da ma'aikatan da suka ƙi yarda da shaidar tafin hannu, suka dogara da ma'auni da rubutu.

Wannan dabara ta asibiti tana da ƙanwa da kowane gida zai iya yi. A daskarar da ruwa a kofi, a ɗora kwabo ko ɗan dutse a kansa a bar shi a firiza. Duk ranar da aka tarar ya nutse, an san sanyi ya ɗauke a ɓoye. A kuma riƙa lura da lokacin da firjin ke saki, da yanayin wuta a sa'ar, da irin ƙarar da yake yi. Wannan bayani ya fi wa mai gyara amfani fiye da duk abin da zai gani a ziyarar minti goma.

Kammalawa

A shekarun 1990 wani malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, Mohammed Bah Abba, wanda ya tashi a gidan maginan tukwane, ya sa ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Kayan lambun da ke lalacewa cikin kwana uku suka riƙa kai makonni, aka ba shi kyautar Rolex a 2000. Ilimin randa ne ya dawo da sabuwar riga. Darajarsa ta sake fitowa a watan Oktoba 2024, sa'adda lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar na Ugwuaji zuwa Apir suka bar yawancin jihohin Arewa cikin duhu fiye da mako guda, kowane firji a birni ya zama akwati. Tsadar man fetur tun daga 2023 da ƙarin kuɗin wuta na 2024 suna tura masu hali zuwa firiza mai aiki da hasken rana, kuma ita ma za ta zo da tata tambayar, ta batir da ƙurar da ke rufe faranti.

Waiwaye adon tafiya. Abin da shekaru kusan ɗari na zaman lantarki a Kano suka nuna shi ne firji ba ya rayuwa shi kaɗai, yana ɗauke da halin wayar unguwarsa, da ginin ɗakinsa, da ƙasar da aka ƙera shi dominta, da hannun duk wanda ya taɓa buɗe bututunsa. Ya kamata makarantun koyon sana'a da ƙungiyoyin masu gyara su dage wajen koyar da yaran shago aiki da mita da sikeli da injin zuƙa, masu saye su duba alamar T ko ST kafin su biya, magidanta kuma su nemi a bi tambayoyin nan huɗu a jere. Wanda aka ce masa gas ya ƙare, alhali firjinsa ya daskarar da ruwa jiya da daddare, yana da hujjar da zai ce a fara auna wuta tukuna.